Mudun Auna Juriyar Iyali

A ce gobara guda ta cinye rumfunan maƙwabta biyu a kasuwa. Shekara ta zagayo, gida ɗaya ya farfaɗo, ana ɗora tukunya, yara na zuwa makaranta. Ɗayan kuwa ya watse, uwargida ta koma gidan iyayenta, yara sun rarrabu a hannun dangi. Me ya bambanta su? Wannan tambaya ta daɗe tana ci wa masana halayyar ɗan Adam tuwo a ƙwarya.

Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na jihar Hawai a Amurka, shekara da shekaru. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kusan ɗaya cikin uku sun girma lafiya ƙalau, kuma galibinsu sun samu wani babba da ya riƙe su hannu bibbiyu. Daga baya Froma Walsh ta Jami'ar Chicago ta ɗauke ido daga kan mutum guda ta mayar kan gidan baki ɗaya. A littafinta na 1998 ta kasa juriyar iyali gida uku: yadda iyali ke fassara musibar da ta same su, yadda suke tsara kansu da neman agaji, da yadda suke magana da juna su warware matsala. A kan wannan ne Meggen Sixbey ta gina takardar tambayoyi 54 a 2005. Ana karanta wa mutum magana, ya ce ya yarda ƙwarai, ko ya yarda, ko bai yarda ba, ko bai yarda ba sam, sai a haɗa maki.

To, duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. Takardar da aka ɗinka wa Ba'amurke ba a ɗaukar ta haka nan a kai wa Basine ko Bahaushe. Hanyar da aka saba bi, wadda Richard Brislin ya bayyana a 1970, ita ce wani ya fassara takardar, wani dabam da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da ita harshen farko, a kwatanta a ga inda ma'ana ta zube. Sannan a gwada ta a kan ɗaruruwan mutane, a duba ko tambayoyin na tafiya tare. Akwai lissafin da Lee Cronbach ya fitar a 1951 don wannan aiki, kuma an fi son sakamakonsa ya kai 0.7.

Ko an yi duk wannan, wani lokaci takardar kan sauya kama. Da aka gwada ta Sixbey a ƙasar Sin a 2016, tambayoyi 32 ne suka tsira, kuma sashen da ya shafi ibada ya fita. A ƙasar Hausa kuwa, ina jin wannan sashe zai ba da matsala ta wata fuskar: kusan kowa zai ce ya yarda ƙwarai, alhali tambayar da kowa ya amsa iri ɗaya ba ta bambance gida da gida.

A ganina babban tarnaƙin ma yana cikin kalmar "iyali" kanta. Idan ka ce wa magidanci iyalinsa, matansa da 'ya'yansa zai fahimta, wani lokaci ma matarsa kaɗai. Amma wanda ya biya kuɗin asibiti wataƙila wansa ne da ke wani gari, wadda ta riƙe yaran kuma gwaggo ce. A gidan mata uku, wa za a tambaya? Amsar uwargida da ta amarya na iya shan bamban, kuma kowacce gaskiyarta ta faɗa. Ga kunya. Tambayar ko kuna bayyana wa juna abin da ke ranku tana ba da maki mai yawa ga masu yawan furuci, ta rage wa gidan da uwa ba ta ko kiran sunan ɗan farinta, alhali ita ce za ta sayar da akuyarta saboda shi. Ga kuma baƙo da takarda a hannu yana tambayar sirrin gida. Amsar da ta fi kusa da baki ita ce "Alhamdulillahi". Haƙuri ma, wanda mai fassara zai yi saurin ɗauka a matsayin juriya, yana iya zama ƙarfin zuciya, yana iya zama shirun wanda ya rasa mafita. Maki ba ya rarrabe su.

Shi ya sa na fi gamsuwa da waɗanda suka faro daga bakin mutane. A Zimbabuwe, Vikram Patel da abokan aikinsa sun saurari yadda marasa lafiya da masu maganin gargajiya ke kwatanta damuwa, suka fito da tambayoyi 14 a harshen Shona a 1997, ciki har da abin da mutanen ke kira kufungisisa, wato yawan tunani. Michael Ungar na Jami'ar Dalhousie a Kanada shi ma ya tara masu bincike daga al'ummomi 14 a ƙasashe 11 suka rubuta tambayoyin juriyar matasa tare. Da za a yi irin wannan a Kano ko Damagaram, ina kyautata zaton adashe da zumunci da rufin asiri za su shiga takardar tun kafin a fassara ko jimla guda daga waje.