Serge Betsen: ɗan Kumba da ya zama ginshiƙin Faransa a wasan zari-ruga

A wasan zari-ruga akwai 'yan wasan da 'yan kallo ba sa cika lura da su, alhali da guminsu ake cin wasa. Serge Betsen, haifaffen Kamaru da ya buga wa Faransa wasa 63, yana cikin fitattunsu.

An haife shi ranar 25 ga Maris, 1974 a garin Kumba da ke kudu maso yammacin Kamaru. Yana ɗan shekara 9 ya koma Faransa, inda ya tashi a Clichy, a gefen birnin Paris. A can ya fara wasan, kafin ya koma ƙungiyar Biarritz a 1991. Ya shafe shekara 17 tare da ita, suka ci gasar Faransa a 2002 da 2005 da 2006.

Mene ne aikinsa a fili?

Kowace ƙungiya tana shiga fili da mutum 15: takwas 'yan gaba, masu ƙarfi da turereniya, bakwai kuma 'yan baya, masu gudu da ƙwallo. Betsen yana cikin 'yan gaba biyu da ke tsayawa a gefen turereniyar. Su ne suke fara ɓallewa su tare abokin hamayya, su kayar da shi, su ƙwace ƙwallo. Shi kuwa ƙasa-ƙasa yake kamu, yana ɗauke ƙafafun mutum kamar mai yankan ciyawa. Shi ya sa Faransawa suka yi masa laƙabi da La Faucheuse, wato mai lauje, sunan da suke kiran mutuwa da shi.

Ya fara buga wa Faransa a 1997, a karawa da Italiya. Wasan da ya fito da sunansa shi ne na 2002 da Ingila a gasar Ƙasashe Shida. Ranar ya hana Jonny Wilkinson, mai tsara wasan Ingila, sakat. Duk inda ya juya sai ya tarar da shi. Faransa ta ci 20 da 15, ta kuma lashe dukkan wasanninta na gasar, abin da ta sake yi a 2004.

Sai dai wannan salo yana da tsada. A wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya na 2003 a Sydney, Betsen ne kaɗai ɗan Faransa da ya dire ƙwallo a bayan layin Ingila, amma aka ba shi katin gargaɗi saboda ya kayar da Wilkinson bayan ya riga ya saki ƙwallo. Ingila ta ci 24 da 7. A 2007 kuma, a wasan da Faransa ta fitar da New Zealand da 20 da 18 a Cardiff, buguwa a kai ta fitar da shi tun farkon wasa. Bayan wannan gasa ya daina buga wa ƙasa, ya ƙarasa wasansa a ƙungiyar Wasps ta Ingila, wadda ya koma a 2008.

Me ya sa Faransa, ba Kamaru ba?

A Faransa ya samu fili da mai koyarwa da gasa tun yana yaro. Kamaru ba ta taɓa zuwa Kofin Duniya na wannan wasa ba. Daga Afirka, Afirka ta Kudu da Namibiya da Zimbabuwe da Kodebuwa ne kawai suka je. Baiwa tana nan, inda za a raine ta ne ya yi ƙaranci.

Wannan giɓi Betsen ya nufa da ya kafa ƙungiyar agaji a 2004, wadda yau ake kira Serge Betsen Academy. Tana haɗa wa yara marasa galihu wasa da taimakon karatu da kula da lafiya, a Kamaru da kuma Mali. Burinta yaro ya yi karatu, ko da bai zama ɗan wasa ba.