Daga Zariya zuwa filin ƙanƙara: yadda Rumun Ndur ya fara ƙwallon gora a Kanada

A Birnin Ƙonni, Malbaza ko Illela, ƙanƙara aba ce da ake saye a leda lokacin zafi, a kuma yi ta rububinta da azumi. Shi ya sa idan tashoshin tauraron ɗan Adam suka nuno ƙarti sanye da sulke suna sulɓi a kan daskararren ruwa suna bin wani ɗan baƙin faifai da sanduna, masu kallo kan ɗauka wasan Turawa ne zalla. Amma akwai wanda aka haifa a ƙasar Hausa da ya ci abinci da wannan wasa, wanda ake kira ƙwallon gora na ƙanƙara, ko hockey sur glace da Faransanci. Sunansa Rumun Ndur, kuma shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga gasar NHL, wadda ta fi kowace girma a duniya.

An haife shi a Zariya ranar 7 ga watan Yuli na 1975, amma iyayensa sun ƙaura Kanada tun yana ƙarami. Ya tashi a Hearst, wani ɗan gari mai mutane kusan 5,000 a arewacin lardin Ontario, inda mafi yawan jama'a Faransanci suke yi. A can sanyi kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, ruwa ya daskare wata da watanni. Yaro na koyon tsayuwa kan takalmi mai ruwan ƙarfe a ƙasansa tun yana shekara huɗu ko biyar, kamar yadda yaron Ƙonni ke fara kokawa a yashin unguwa ba tare da wani ya aike shi ba.

Wannan shi ne abin da ya bambanta wasan da ƙwallon ƙafa. Gudu kowa ya iya, sulɓi kuwa sai an koya, kuma wanda bai koya da ƙuruciya ba da wuya ya cim ma tsaransa. Filin NHL na da tsawon mita 61 da faɗin mita 26. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron raga, ana buga zango uku na minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce kusan minti ɗaya a fili sai a canza shi, ya huta, ya sake shiga.

A 1992, yana da shekara 17, Ndur ya shiga ƙungiyar Guelph Storm da ke gasar matasa ta Ontario. Nan ne matattarar da manyan ƙungiyoyi ke zuwa farautar yara. Samari ne ƴan shekara 16 zuwa 20, an raba su da gida, an ba su masauki a gidajen mutanen gari, suna karatu da safe, suna buga wasa sama da 60 a kaka guda, ga doguwar tafiya a mota cikin sanyi. Ndur mai tsaron baya ne, dogo mai tsawon mita 1 da 88, ga ƙarfi. Ba cin ƙwallo ne aikinsa ba.

Daga nan sai zaɓen shekara, tsarin da babu irinsa a ƙwallon ƙafar da aka saba kallo. Ba sayen yaro ake yi ba. Ƙungiyoyi na zama wuri guda suna ɗaukar matasan da suka kai shekara 18 bi da bi, waɗanda suka yi baya a kakar da ta wuce su ke fara zaɓa. A zaman watan Yuni na 1994 a birnin Hartford, ƙungiyar Buffalo Sabres ta ɗauki Ndur a zagaye na uku, a lamba ta 69. Sunan ƙungiyar ba baƙo ba ne ga ƴan Nijar: sabre dai takobi ne, irin wanda ƴan kokawa ke nema tun gasar farko da aka yi a Tahoua a 1975, shekarar da aka haifi Ndur.

To amma zaɓe ba kwantiragi ba ne, izini ne kawai da ƙungiya ta samu a kan yaro. Ndur ya koma Guelph ya ƙara kaka guda, sannan aka tura shi Rochester Americans, ƙaramar ƙungiyar da Buffalo ke renon ƴan wasanta. Shekararsa ta farko a can, ƙarƙashin mai horarwa John Tortorella, suka ci kofin Calder na 1996. A wannan kaka mintocin horon da aka yanke masa sun haura 300, kuma a cikin wannan adadi labarinsa yake.

A ƙwallon gora na Arewacin Amurka, idan ƴan wasa biyu suka jefar da safar hannu suka kama dambe, ba korarsu ake yi ba, minti biyar ake zaunar da kowa a benci. A shekarun 1990 kowace ƙungiya na ajiye ƙato ɗaya ko biyu da aikinsu shi ne kare taurari: wanda ya taɓa gwani, da su zai gamu. Ta wannan ƙofa Ndur ya shiga. Ƙofa ce da ke buɗuwa da wuri, amma ba ta kai mutum nesa, domin ƙungiya na iya samun wani ƙaton gobe.

Haka kuwa aka yi. Ya fara bugawa Buffalo a kakar 1996-1997, amma yawancin lokacinsa a Rochester ya ci gaba da yi. New York Rangers ta ɗauke shi a ƙarshen 1998, daga baya ya koma Atlanta Thrashers, sabuwar ƙungiyar da ta fara wasa a 1999. Jimilla wasa 69 ya buga a NHL, daidai da lambar da aka zaɓe shi, ya ci ƙwallo 2. Sauran shekarunsa ya yi su a ƙananan gasanni da kuma Turai, har da Birtaniya. Wani zai ce kaɗan ne. Sai dai da yawa daga waɗanda ake zaɓa a zagaye na uku ba sa taka filin NHL ko sau ɗaya.

Bayansa an samu Akim Aliu, haifaffen Okene a 1989, wanda ya girma a Yukren da Toronto, Chicago ta zaɓe shi a lamba ta 56 a 2007. Shi wasa 7 kawai ya buga, an fi saninsa da tonon da ya yi a 2019 kan kalaman wariyar launi da wani mai horarwa ya yi masa, abin da ya kai ga murabus ɗin mutumin.

Su biyun duka a waje suka koyi wasan. A Afirka, ƙasashe ƙalilan ne ke cikin hukumar wasan ta duniya: Afirka ta Kudu, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, sai Kenya da ta shiga a 2024, inda ƴan wasanta ke atisaye a ɗan filin ƙanƙara da ke cikin otal ɗin Panari a Nairobi. Irin wannan fili sai da injin sanyaya da ba ya tsayawa dare da rana, abin da duk mai sana'ar ƙanƙara a Ƙonni ya san tsadarsa ranar da wuta ta ɗauke.