Idan Kalma Ta Sauya, Kaya Ma Ya Sauya

Duk wanda ya taɓa haɗa lefe a Kantin Kwari ya san ba kowace shadda ce gezna ba. Gezna ita ce wadda kamfanin Getzner ke saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. Holan kuwa atamfar Vlisco ce, kamfanin da ya kafu a Helmond tun 1846. A bakin 'yan kasuwa kowane suna da farashinsa, kuma inna mai sayen kayan auren 'yarta ta san bambancin tun kafin ta taɓa yadin.

Da ciniki ya koma waya, wata ɗabi'a ta shigo. Mai talla a Jumia ko Instagram zai kwafo bayanin kaya daga wani wuri, ya zuba shi a manhajar da ke musanya kalmomi da masu kama da su, don kada a ga kwafe ne. Dalilin a fili yake: tun 2011 Google ya fara danne shafukan da ke cike da rubutun kwafe. Sai dai manhaja ba ta taɓa shiga kasuwa ba. A wurinta "auduga zalla" da "mai laushin auduga" duk ɗaya ne, alhali na biyun yana iya zama roba ce da za ta dafa mutum a zafin watan Afrilu.

Abin ya fi tayar mini da hankali idan aka zo kan abinci. Garin madarar da ake aunawa a shaguna, da yawansa an cire masa mansa na asali an maye da man itace, galibi na kwakwar manja. Hukumar Codex ta duniya ta ba wannan haɗin sunansa daban tun 2006, don kada a ruɗa shi da cikakkiyar madara. Mai talla ya taƙaita ya ce "madara", uwa ta saya ta dama wa yaro.

Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta bayanin kaya mai yaudara. 'Yan kasuwarmu, ku gyara jimla yadda kuka ga dama, amma sunan kaya, abin da aka yi shi da shi, nauyinsa da ƙasar da ya fito, ku bar su yadda suke a jikin kwali.