Gargaɗi Ga Masu Aiki a Sama a Nguru da Gashuwa

'Yan kwangila, masu gyaran wuta, masu kafa fitilun sola da allunan talla, ku saurara da kyau. Injin nan mai dogon hannu da ke lanƙwashewa gaɓa-gaɓa, wanda ke ɗaga mutum sama a cikin kwandon ƙarfe, irin ƙirar Genie ko JLG, ya fi tsani aminci nesa ba kusa ba. Amma yana kisa, kuma wayar lantarki na cikin manyan hanyoyin ajali a wannan aiki.

Ɗauke wuta daban, kashe layi daban. Kada kowa ya ɗaga kwando kusa da waya don kawai unguwa ta kwana uku cikin duhu. Ana iya dawo da wuta a kowane lokaci ba sallama, kuma janareta ko inbatar wani gida da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba na iya turo wuta cikin layin. Layi mai ƙarfin 11kV ko 33kV ba sai an taɓa shi ba. In ƙarfe ya matso, wutar tsallakowa take yi. Ku bar tazarar aƙalla mita 3 tsakanin waya da kwando da duk abin da ke hannunku. In aikin ya tilasta matsawa, a je ofishin kamfanin wuta na YEDC su kashe layin, su gwada, su haɗa shi da ƙasa a gaban idonku. Idan tsautsayi ya sa hannun injin ya taɓa waya, na ƙasa kada ya taɓa injin, kada ma ya matso, a kira masu wuta.

Sai ƙasar da za a tsaya a kai. Yankinmu rairayi ne da fadama. Bayan ambaliyar Kogin Yobe za ka ga saman ƙasa ya bushe ƙamas, ƙarƙashi kuwa laka ce. Tsohuwar shadda da aka binne ko murfin kwalbati ba za su ɗauki nauyin injin ba. Taya ɗaya ta nutse taƙi guda, wanda ke can sama sai ya ji an fizge shi kamar dutse a majajjawa. Don haka ɗamarar tsaro dole ce, mai gajeriyar igiya, a maƙala ta a zoben da aka tanada cikin kwandon, ba a jikin falwaya ko gini ba. Ƙararrawar da ke kuka in injin ya karkata, don Allah kada a cire mata waya saboda wai ta cika damu.

Yawancin injinan nan ba a yarda a ɗaga su ba in gudun iska ya wuce kilomita 45 a awa guda. Da hadari ya haɗo daga gabas, ko iskar hunturu ta tsananta, a sauko. Fallen kwano ko faifan sola a hannu ƙara wa iska ƙarfi yake yi. Nauyin da kwandon ke ɗauka kuma bai saba wuce kilo 230 ba, wato mutum biyu da kayan aikinsu.

A ajiye mutum ɗaya a ƙasa wanda ya iya sauko da kwandon in na sama ya suma, a ja igiya a kore yara daga wurin. Wanda ya faɗo kada a cicciɓe shi a ɗora a babur; a kwantar da shi a kan allo, a tallafe wuyansa, a garzaya da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko asibiti mafi kusa.