Shigar da Makewayi Cikin Ɗakin Kwana a Zangon Kwatano

Unguwar Zango, wadda take maƙwabtaka da Saint-Michel a tsakiyar birnin Kwatano na Jamhuriyar Benin, tsohon matsuguni ne na Hausawa da sauran Musulmi 'yan kasuwa, kuma kusancinta da babbar kasuwar Dantokpa ya sa kowane taku na fili a cikinta yake da daraja. Yawancin tsofaffin gidajen unguwar ɗakuna ne a jere gefen tsakar gida, da makewayi ɗaya ko biyu a can ƙurya waɗanda mai gida da 'yan haya suke tarayya a kansu. Idan buƙata ta taso ta a sama wa ɗaki nasa makewayin, ko don dattijon da fita da dare take yi wa wuya, ko don amaryar da za ta tare, ba a samun filin da za a ƙara gini, sai dai a yanko wurin daga jikin ɗakin kansa.

Masu gida da dama sukan fara aikin da zaɓen tayil, wanda ake kira karo a ƙasashen renon Faransa, alhali tambayar da ta kamata ta zo farko ita ce inda ƙazamin ruwa zai bi ya fita. An gina Kwatano ne a kan yashi, tsakanin Tekun Atalantika da Tafkin Nokuwe, ƙasar a shimfiɗe take, ruwan ƙarƙashinta kuma yana kusa ƙwarai. A babbar damina, daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma ƙaramar da take zuwa wajen Satumba zuwa Nuwamba, ruwan nan yakan ƙara tasowa, kamar yadda ambaliyar 2010 ta nuna wa mazauna birnin. Ga shi kuma unguwannin ba su da babbar magudanar da take tattara bayan gida daga kowane gida, don haka gidaje da dama suna da tanki na kankare a ƙarƙashin ƙasa, wanda magina suke kira da sunansa na Faransanci fos saftik, wato ramin da ƙazanta take kwanciya a ciki kafin ruwan da ya tace ya wuce rami na biyu ya tsotse cikin ƙasa.

Bututun da yake ɗauke ƙazanta daga masai zuwa wannan tanki yakan kai milimita 100 zuwa 110 a faɗi, kuma yana buƙatar gangara ta kimanin santimita 2 a kowace mita, domin babu abin da yake tura abin da ke ciki sai nauyin ruwa. Ma'anar wannan ita ce, idan tankin yana da nisan mita 8 daga ɗakin, dole bakin bututun ya ɗara ƙarshensa tsawo da santimita 16. A garin da ake iya zurfafa rami wannan ba matsala ba ce, amma a Zango, inda zurfafa tanki yake nufin tsoma shi cikin ruwa, mafita ita ce a kafa makewayin a jikin bangon da ya fi kusa da tankin, sannan a ɗaga daɓensa sama da na ɗaki da santimita 15 zuwa 20. Wannan mataki ɗaya yana buƙatar tunani idan don tsoho ake ginin, kuma ya kamata a kafa masa abin riƙewa a bango tun ana aiki. Gidan da yake da rijiya a tsakar gida yana da ƙarin nauyi a kansa, domin yashi ba ya tare ƙazanta sosai, kuma tazarar mita 15 zuwa 30 da ma'aikatan lafiya suke so tsakanin rami da rijiya ba ta samuwa a irin waɗannan filaye. Tankin da bai sha siminti sosai ba yana iya gurɓata ruwan gidan da na maƙwabta.

Bayan an san mafitar ruwa sai a zo kan awo. Ɗaki mai mita 3.5 a mita 4 yana iya bayar da yanki mai faɗin mita 1.3 da tsawon mita 2.2 ba tare da ya hana gado da akwatin kaya zama ba, musamman idan an yi bangon raba wurin da bulo mai kaurin santimita 10 maimakon 15. Masai na zama yana cin kimanin santimita 70 daga bango, yana son wuri mai faɗin santimita 80, da sarari na santimita 60 a gabansa. Wurin wanka kuwa bai kamata ya gaza santimita 80 a kowane gefe ba. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a jera komai a bango ɗaya, abin wanke hannu kusa da ƙofa, masai a tsakiya, wurin wanka a can ƙurya, domin bututu ya gajarta, kuma ɓangaren da yake jiƙewa ya yi nisa da ɗakin kwana. Ƙofa ta buɗe zuwa waje ko ta zama mai zamewa, saboda wadda take buɗewa ciki tana cinye wani ɓangare na sararin, kuma idan mutum ya faɗi a bayanta ba a iya kai masa ɗauki da sauri. Bahon wanka irin na kwanciya ba shi da gurbi a nan.

Akwai kuma buƙatun gidan Musulmi, waɗanda hotunan makewayin Turai da ake gani a shagunan kayan gini ba su san da su ba. Mai tsarki da buta yana buƙatar ƙaramin famfo a ƙasa kusa da masai, a inda hannunsa zai kai yana zaune, da wurin ajiye bokiti don ranar da ruwan kamfanin SONEB ya ɗauke ko ya rage ƙarfi. Mai alwala yana buƙatar inda zai wanke ƙafa ba tare da ruwan da ya taɓa najasa ya fantsamo masa ba, saboda haka gangarar daɓe ta nufi rariyar wurin wanka, kuma ruwan gefen masai kada ya ratsa inda ake tsayawa. Alƙibla daga Kwatano tana arewa maso gabas, kimanin digiri 63 daga arewa. Malaman Malikiyya sun sauƙaƙa fuskantarta ko juya mata baya a cikin gini, sai dai mutane da yawa hankalinsu ya fi kwanciya idan an karkatar da masai, kuma yin hakan a kan takarda kafin a zuba kankare ba ya cin ko sisi. Masai na tsugunno ya fi sauƙin wankewa, ya fi kuma ƙarancin shan ruwa, na zama kuwa ya fi wa mai ciwon gwiwa.

Abin da ya fi ɓata irin wannan makewayi bayan an gama shi ne wari da danshi, tunda ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da gado. Kowace mafitar ruwa, har rariyar ƙasa, tana buƙatar sifon, wato lanƙwasar bututu mai riƙe ɗan ruwa wanda yake toshe hanyar iskar tanki, sannan a fitar da wani bututun iska ya haura saman rufi, a rufe bakinsa da raga saboda sauro da ƙuda. Taga a can sama a bangon waje ta fi kowace fanka amfani a garin da iskarsa take cike da laima kusan duk shekara. Kafin a manna tayil a shafa maganin hana ruwa ratsawa a daɓe da ƙasan bango, a wurin wanka kuma a kai shi sama da tsawon mutum, in ba haka ba fentin ɗaki zai kumbura, funfuna ta kama bayan akwatin kaya. Iskar teku mai gishiri tana saurin sa ƙarfe tsatsa, don haka ƙofar roba ko ta alminiyam ta fi ta ƙarfe daɗewa. Makunnin fitila ya zauna a waje, layin wutar kuma a sa masa na'urar da take katse wuta da kanta idan ta fara zuba, mai awon miliamfiya 30.

Ɗan haya ba ya fasa daɓe sai da yardar mai gida, kuma ya fi kyau a rubuta wanda zai biya kuɗin aikin da yadda za a cire shi daga haya. Sabon masai mai zuba ruwa yana cika tanki da sauri fiye da tsohuwar shadda, saboda haka a duba ko tankin zai ɗauki ƙarin, a kuma bar murfinsa a fili inda tiyon motar kwashe bayan gida zai iya kaiwa daga bakin titi, kada a binne shi ƙarƙashin sabon bango ko tayil.