Shekara Guda a Majalisar Wani Ƙauye na Ingila

A ƙasar Ingila, ƙarƙashin babbar majalisar dokoki ta Landan, da majalisun larduna da na gundumomi, akwai waɗansu ƙananan majalisu wajen 10,000 waɗanda ba a cika jin labarinsu a jaridu ba, alhali kuwa su suka fi kusa da ƙofar talaka, su ne kuma ke ɗauke da ɗawainiyar abubuwan da mutum ke tararwa kullum in ya fito daga gidansa, kamar bencin da tsofaffi ke hutawa a kai, da filin wasan yara, da rumfar jiran mota, da maƙabarta. Asalinsu daga coci ne, domin shekaru aru-aru dattawan cocin kowane ƙauye ke taruwa su duba al'amarin matalauta da gyaran hanya, har zuwa 1894, a ƙarshen zamanin Firayim Minista Gladstone, sa'ad da aka kafa dokar da ta raba sha'anin ibada da na mulkin ƙauye, ta danƙa mulkin ga waɗanda jama'a suka zaɓa, ta kuma halatta wa mata shiga, tun ba su sami ikon zaɓen 'yan majalisar Landan ba.

Ƙauyen da zan ba da labarinsa yana tsakiyar ƙasar, cikin gonakin alkama da makiyayar tumaki, da tsohon coci na dutse, da makarantar firamare ɗaya, da kanti ɗaya wanda shi ne kuma gidan waya. Babu dagaci, babu mai unguwa. Wakilan majalisarsa ba su kai goma ba, a cikinsu akwai manomi wanda kakanninsa ke kwance a bayan cocin, da malamar makaranta da ta yi ritaya, da mai kantin, da wani baƙo da ke bin jirgin ƙasa zuwa aiki a birni. Ana zaɓensu bayan kowace shekara huɗu, ba kuwa wanda ke karɓar albashi sai magatakarda, wata mace mai haƙuri wadda ake biya ladan 'yan sa'o'i a mako, ita ce akawu, ita ce ma'aji, ita ce kuma mai tunatar da su haddin doka in sun nemi ƙetare shi.

Shekararsu tana kamawa ne a watan Mayu, da zaman da ake zaɓen shugaba. Kwana uku cur kafin kowane zama wajibi ne a liƙa sanarwa a allon da ke gaban kanti, sa'an nan doka ta hana a zauna a gidan da ake sayar da giya muddin akwai wani wurin da ya dace, saboda haka a zauren ƙauye ake haɗuwa da maraice, a jera tebura, a ajiye kujeru a baya domin duk mai son saurare. Galibi masu sauraren ba su wuce biyu ko uku, amma kujerun nan ba a taɓa fasa jera su ba, kuma a ganina wannan ladabi ne babba ga jama'a.

Watannin Yuni da Yuli na ƙananan hidimomi ne: ciyawa ta rufe turbar ƙafa da ta ratsa gonar wane, lilon yara ya yi tsatsa, motoci suna gudu a gaban makaranta. Akwai kuma 'yan fegin lambu da majalisa ke ba da haya ga wanda ba shi da fili a gidansa, bisa dokar 1908 wadda ta ce in masu zaɓe shida suka nema a rubuce, sai majalisa ta duba buƙatarsu. A kan dankali da wake na waɗannan lambuna ake yin mujadala mai zafi, musamman in wani ya bar nasa ya zama jeji, irin ciyawarsa na faɗawa cikin na maƙwabci. A wannan lokacin ne kuma ake buɗe littattafan kuɗi na tsawon ranakun aiki talatin, kowane mai zaɓe yana da haƙƙin ya zo ya duba rasit ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi dalilin kowane fam. Da wuya a sami mai zuwa, amma magatakarda takan shirya takardun kamar gobe za a yi mata hisabi.

Mas'alar da ta girgiza ƙauyen a shekarar nan ita ce ta gidaje. Wani mai fili ya nemi izinin gina waɗansu 'yan gidaje masu rahusa a gefen gari, domin 'ya'yan ƙauyen, waɗanda tsadar muhalli ta kore su zuwa birni tun da masu hali suka soma sayen tsofaffin gidajen dutse suna zuwa hutu a ƙarshen mako. Ikon ba da izini kuwa na majalisar gunduma ne. Abin da ke hannun majalisar ƙauye shawara ce kawai, wadda za ta aika cikin kwana 21. Duk da haka, daren da aka sa maganar a gaba zauren ya cika har waɗansu suna tsaye jikin bango, rigunan ruwansu na ɗiga. Wani dattijo ya miƙe ya ce ya sayi gidansa ne domin ya riƙa hangen gonaki ta taga, kuma hanyar ba za ta ɗauki ƙarin motoci ba. Wata uwa ta amsa masa cikin natsuwa, muryarta na ɗan rawa, ta ce ɗanta a nan aka haife shi, a nan yake gyaran motocin noma, amma shi da matarsa da jaririnsu suna cunkushe a ɗaki guda a gidanta, makarantar kuma kullum yaranta raguwa suke yi. Manomin nan ɗan majalisa, da yake filin na danginsa ne, tun kafin a soma ya bayyana cewa yana da ruwa a cikin maganar, ya ɗauki hularsa ya fita, bai dawo ba sai da aka gama. Ba a yi ittifaƙi ba. Da ƙyar rinjaye ya goyi bayan ginin, bisa sharaɗin a fara ba 'yan asalin ƙauyen. Ni dai ina ganin gaskiya tana wajen uwar nan, domin ƙauyen da ba ya iya riƙe matasansa, kyan ganinsa ba zai hana makarantarsa rufewa ba. Amma ban ga aibin dattijon ba, tun da ya faɗi hujjarsa a bainar jama'a, gobe kuma za su haɗu da matar a kanti su gaisa.

Ranar Lahadi ta biyu ga Nuwamba, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, jama'a kan taru a gindin dutsen da aka zana sunayen samarin ƙauyen da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918 da na Hitila, a yi shiru na minti biyu, shugaban majalisa ya ajiye jajayen furanni na takarda a madadin kowa.

Daga nan sai hunturu, lokacin lissafi. Mafi yawan kuɗin da ke shiga baitulmalin majalisar shi ne abin da ta yanka wa kanta, wato wani ɗan kaso da ake ɗorawa a kan harajin gidaje, gunduma ta tara ta miƙo mata. Galibi cikin Janairu ake aika adadin, domin shekarar kuɗi tana farawa ran 1 ga Afrilu. A nan ake ganin taƙawar mutane game da dukiyar jama'a, don kuwa wanda ya ce a ƙara, ya san daga aljihunsa da na gwauruwar da ke maƙwabtaka da shi za a cire. Sun daɗe suna auna kuɗin yankan ciyawa da na inshora, da akwatunan gishirin da ake barbaɗawa a hanya in ƙanƙara ta sauka, kafin su yarda da ƙari kaɗan saboda aiki guda: tsohon jan ɗakin tarho da kamfanin BT ke sayar wa majalisu a kan fam ɗaya, sun saye shi, suka yi masa fenti, suka sa na'urar farfaɗo da zuciya a ciki, domin asibiti na da nisa, motar ɗaukar majiyyata kuwa takan jima kafin ta iso.

Tsakanin 1 ga Maris da 1 ga Yuni doka ta wajabta taron dukan masu zaɓe na ƙauye, inda shugaba ke karanta bayanin abin da aka yi, kowa ya yi tambaya. A taron bana an sanar cewa malamar nan ta ajiye kujerarta saboda tsufa. Ƙa'ida ita ce a liƙa sanarwa, in masu zaɓe goma suka nemi a yi zaɓe cikin kwanakin aiki goma sha huɗu sai a yi, in ba haka ba majalisa ta ɗauko wanda ta ga ya dace. Wannan kuwa shi ne raunin da ke damun irin waɗannan majalisu ko'ina a ƙasar, wato ƙarancin masu son tsayawa. Wa'adin ya cika ba wanda ya nema. Mai kantin ce ta yi ta bin makanikin nan, ɗan matar da ta yi magana a zaure, har ya amsa, ya sa hannu a takardar karɓar aiki, da sanin cewa duk ranar da maganar gidajen ta dawo daga gunduma, shi ma zai bayyana ruwansa a cikinta, ya bar wa sauran hukunci.