Juyawar Ruwan Tekun Atilantika da Sauyinta Daga Shekara Zuwa Shekara

Wanda ya tsaya a bakin teku igiyar ruwa kurum yake gani, alhali a ƙarƙashinta ruwan yana wata doguwar tafiya. A Tekun Atilantika, ruwan sama mai ɗumi da gishiri yakan taso daga yankunan zafi ya nufi arewa. Idan ya isa kusa da tsibiran Girinlan da Aisilan, sai iska mai sanyi ta zuƙe zafinsa, ya yi nauyi, ya nutse, ya juyo kudu ta ƙarƙashi, a zurfin da ya wuce mita 1,000. Wannan shi ake kira juyawar ruwan teku, kuma zafin da take ɗauka yana daga cikin abin da ke sassauta hunturun yammacin Turai.

Ana auna ƙarfinta da ma'aunin da aka raɗa wa sunan Harald Sverdrup, wani masani ɗan ƙasar Norwe. Sverdrup 1 shi ne kubik mita miliyan 1 na ruwa a kowane sakan.

A da, sai jirgin bincike ya ratsa teku kafin a sami awo. A shekarar 2005, Harry Bryden da abokan aikinsa na Sawthamton a Ingila suka kwatanta awo biyar, na 1957, 1981, 1992, 1998 da 2004, suka ce juyawar ta ragu da misalin kashi 30 cikin 100. Labarin ya tayar da hankali ƙwarai.

To, tun a 2004 masanan Biritaniya da Amurka sun jera na'urori daga tsibiran Bahamas zuwa gaɓar Maroko, a wani shiri mai suna RAPID. Na'urorin suna ɗaure a igiyoyin da aka kafe a ƙasan teku, suna auna zafi da gishirin ruwa dare da rana. A shekarar farko kaɗai, ƙarfin juyawar ya yi ta hawa da sauka tsakanin Sverdrup 4 da kusan 35. Sannan aka gane takan yi rauni a farkon shekara, ta yi ƙarfi wajen ƙarshenta. Ashe awo biyar ɗin nan tamkar mutum ne ya leƙa kogi sau biyar cikin shekara 47, wani da damina wani da rani, ya yanke hukuncin kogin yana ƙafewa.

Shekaru ma sukan bambanta. Matsakaicin ƙarfin yana wajen Sverdrup 17, amma tsakanin 2009 da 2010 ya faɗi da misalin kashi 30 cikin 100, sa'an nan ya farfaɗo. Sauyin iska na daga cikin manyan dalilai, domin ita ke tura ruwan sama. A daidai lokacin, teku ta ɗaga da fiye da santimita 10 a gaɓar arewa da birnin Niyok.

Al'amarin ya shafi manomin Sahel. Idan arewacin Atilantika ya yi sanyi bisa ga kudancinsa, daminar Afirka ta Yamma takan ja baya zuwa kudu, kuma haka tekun take a lokacin farin shekarun 1970 da 1980. A rahotonsa na 2021, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya ce akwai yiwuwa mai ƙarfi juyawar ta yi rauni a wannan ƙarni, saboda ɗumamar duniya da ƙaruwar ruwa maras gishiri a arewa. Sai an tara awo na shekaru masu yawa ba yankewa kafin a rarrabe wannan rauni na dindindin da hawa da sauka na shekara-shekara.